Babu Kowa a Gida

Noelene Triffitt tana jawo tiren burodin nama daga tanda da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana kaɗa waya a gaban fuskar Kerryn, abokiyar aikinta a gidan burodin da ke kan babban titin New Norfolk.

"Ki dai duba da idonki. Kuɗin wutarmu ya sauka da kusan rabi, Kerryn. A tsakiyar Yuli fa, ana tsananin sanyi."

"Janye min ita daga hanci, tun jiya na gani," in ji Kerryn, tana barbaɗa sukari a kan kek. "Kin nuna wa mai kawo madara, kin nuna wa ɗan sanda. Agwagin bakin kogi kaɗai suka rage."

Gaskiyar Kerryn ce, Noelene ta ishi kowa da zancen nan. Amma wanda ya san gidan da take riƙe da shi ba zai ga laifinta ba. Bara war haka mahaifinta, Athol, ya yanke jiki ya faɗi a rumfar itace yana cikin faskare. Ko da aka ɗauko shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sarar manyan itatuwa a dajin kan dutse ya koma ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Noelene ta saki ɗakin hayarta na gari ta koma tsohon gidan katakonsu da ke gaba da Ellendale. Kullum sai ta ajiye masa abincin rana a rufe, ta kamo hanya tun gari bai gama wayewa ba, ta koma da yamma.

Ana nan sai ƙanenta Wade ya zo hutu daga mahaƙar da yake aiki can yammacin ƙasar. Wade irin mutanen nan ne da za su zo gida na sati guda, su gyara rayuwar kowa, su hau jirgi su bar ka da gyaran. Ya ga tabon da garwashi ya yi wa shimfiɗar falo ranar da itace ya suɓuce wa Baba, nan take ya ce an gama da murhu. Aka zo aka tumɓuke murhun ƙarfen da ke ɗumama gidan tun zamanin kakarsu, aka toshe bututun hayaƙi, aka kafa hita ta lantarki. A bangon falo kuma ya liƙa wata 'yar na'ura mai faɗin bakin kofi, wai ita za ta riƙa kunna hitar da kashe ta, don ta fi mutum sanin lokacin da ya dace. Ya kulle ta da lambar sirri saboda kada Baba ya yi ta danne-danne, ya haɗa ta da wayar Noelene, ya yi gaba.

"Ki yi ta dariya," in ji Noelene. "Ni dai na yafe wa Wade rabin laifuffukansa."

"Ai mu ma surukata ta sa mana irinta. Ba wani tsafi ba ne, 'yar'uwa, wayarki take bi. Kina yin nisa da gida ta kashe komai, kina dosowa ta kunna, ki shiga ki tarar da ɗumi kamar ba ki fita ba. Kyanwarmu ce ke shan wuya. Ran nan mijina Gav ya dawo da wuri, da yake wayarsa ba ta cikin lissafi, ya same ta a kwandon wanki ta cusa kai cikin safarsa. Ki ji ƙarshen wahala, safar Gav."

"Tamu ba haka take ba. Tamu ta san da Baba."

"A ina ta san shi? Ya je sun gaisa ne?" Kerryn ta ɗago kai tana murmushi. "Baba Athol yana da waya?"

Athol ba shi da waya. Wadda Wade ya taɓa saya masa tana kwance a aljihun tebur tare da matattun batura, ko sau ɗaya bai kunna ta ba.

Noelene ta ajiye tiren a hankali. Ta goge yatsa a jikin riga, ta buɗe wurin da na'urar take a wayarta. Kullum shafin tanadi kawai take dubawa, mai koren ganye da ke taya ta murna. Yau ta ja shi gefe ta buɗe shafin farko. Ga hoton ɗan gida fari, a ƙarƙashinsa an rubuta: Babu kowa a gida. Digiri huɗu.

"Wannan na waje ne," in ji ta.

Kerryn ta leƙo. Murmushin ya ɓace daga fuskarta. "Na ciki ne, Noelene."

Wata mata ta shigo sayen burodi, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, babu wanda ya kula ta. Abubuwa ne suka fara dawo wa Noelene ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta so ko ɗaya daga cikinsu ba. Tarin nan da ya maƙale wa Baba tun farkon sanyi, wanda nas ta ce a sa masa ido. Tsohuwar rigar aikinsa mai kauri da ya daina cirewa ko a teburin cin abinci, har ta yi masa faɗa shekaranjiya, ta ce gida da ɗuminsa yana zaune kamar mai jiran mota. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, da take jinsa kamar ƙarfen famfo in ta miƙa masa shayi da yamma. Ta ɗora duk wannan a kan tsufa da ciwo. Yaya za ta yi tunanin sanyi, ita da ba ta taɓa buɗe ƙofar gidan nan ta ji sanyi ba?

"Kunna daga nan," in ji Kerryn. "Ana iyawa. Danna wancan."

Ta danna. Wayar ta nemi lambar sirri. Ta sa shekarar haihuwar Wade, aka ce ba ita ba ce. Ta sa tata, ta sa ta Baba, ta sa lambar akwatin gidan waya. Wayar ta ce ta yi kuskure da yawa, ta dakata zuwa an jima. Ta kira Wade, aka ce a bar saƙo. Da ma ta san haka za a yi, yana can ƙarƙashin ƙasa, ba ya fitowa sai rana ta faɗi.

"Kira gida, ki ce ya shiga bargo."

"Na sa an yanke wayar gida," in ji Noelene, muryarta ta yi ƙasa. "Ni da kaina. Na ce tunda ba ya iya magana a waya, me ake biya."

"Maƙwabta fa?"

"Sun tafi Queensland shan rana, sai Satumba."

Kerryn ta karɓe wayar daga hannunta. "Kawo, bari in nemi ofishin mahaƙar, su tono mana shi. Ke cire rigar nan ki tafi. In mai gidan burodin ya tambaya zan ce gudawa ta kama ki, ba zai nemi ƙarin bayani ba."

Noelene ba ta yi dariya ba. Ta fizge makullin mota daga ƙusa ta fita.

Hazo bai tashi daga kan kogin Derwent ba ranar nan, duk da rana ta kusa tsaka. Motoci na tafe da fitila a kunne. Bayan gari ya ƙare, titin ya shiga bin gefen ruwa, duk inda inuwar dutse ta faɗo kwalta tana ƙyalli, wanda ya san hanyar kuwa ya san ƙanƙara ce ba ruwa ba. Wata tirela ce a gabanta maƙare da gungumen itace, tana tafiyar hawainiya, ba wurin wucewa. Noelene ta bi ta a baya tana dukan sitiyari da tafin hannu. A gefen titi ga wata walabi, 'yar dabbar dajin nan mai tafiya da tsalle, da mota ta buge, gashinta ya yi fari da daskararriyar raɓa.

Ta yi ta ba kanta haƙuri. Baba fa ba yaro ba ne. Mutumin da ya sha kwana a bukkar masu saran itace dusar ƙanƙara na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, digiri huɗu ne zai ba shi tsoro? Sai wata zuciyar ta ce mata wancan mutumin yana da hannu biyu da gatari da tsoka a jikinsa. Wannan kuwa ƙashi ne da fata, kuma zama yake yi wuri ɗaya tun safe har yamma.

To me ya hana shi faɗa? Wannan ne ya fi ci mata rai, har ta ji haushinsa ya taso mata tare da tsoron. Amma mu mutanen kwarin nan mun san amsar, ita ma ta sani. Tsofaffinmu ba sa cewa suna jin sanyi. Za ka ga leɓen mutum ya yi shuɗi, ka tambaye shi, ya ce maka ai yau da sauƙi, sanyi sai na shekarar da kogi ya daskare. In ka matsa ya ce ka ƙara riga. Abin kunya ne a wurinsu, kamar roƙo.

Ta wuce gonakin Bushy Park da dogayen sandunansu da shuka ke hawa, duk tsirara, tirelar ta kauce ta shiga wata hanya. Ta taka mota. Can ta tuna cewa ai ko ba lambar sirri, da zarar ta kusa gida hitar za ta tashi da kanta, kamar kullum. Hankalinta ya ɗan kwanta. Ta kai hannu kujerar gefe don ta duba ko ɗan gidan ya canza launi. Jakarta ce kawai a wurin. Ta laluba aljihu. Ta zazzage jakar da hannu ɗaya, tsabar kuɗi da man leɓe suka watse a ƙasa.

Wayar tana hannun Kerryn.

Ta cire ƙafa daga kan totur, motar ta rage gudu. Ta koma ta ɗauko? Ta riga ta ci fiye da rabin hanya, kuma tirela irin waccan ba ɗaya ba ce. Ta sake takawa. A lissafin na'urar bangon nan, Noelene tana New Norfolk tana sayar da burodi, kuma ba za ta dawo ba sai yamma.

Ciyawar ƙofar gida tana nan fara fat da daskararriyar raɓa, tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalminta. Ta buɗe ƙofa ta shiga, sai ta tsaya cak. Ba ta san gidan nan ba. Kayan dai su ne, ga agogon mahaifiyarta, ga hotunan aure, amma iskar ciki ta fi ta waje cizo, irin sanyin da ya kwanta ya yi kwanaki a cikin katako. Numfashinta yana fita fari a tsakiyar falo. Tagogi sun yi gumi daga ciki, ruwan ya gangaro ya taru a gindin gilashi. Babu gurnanin hitar da take jin sa kullum tun daga bakin ƙofa.

"Baba?"

Babbar kujerarsa ta gaban talabijin babu kowa, bargonsa na ninke a kan hannunta yadda ta bar shi. Ta leƙa ɗakin kwanansa, gado a gyare. Ta tura ƙofar banɗaki, nan ma babu shi. A kicin abincin ranarsa yana rufe, ba a taɓa ba. Kujeru uku ne a jikin teburin, maimakon huɗu.

Sai idonta ya faɗa ƙasa. Wasu layuka biyu ne a kan ledar tsakar kicin, sun tashi daga gindin tebur sun lanƙwasa sun nufi ɗakin wanki. Ta daɗe da ganinsu, har ta taɓa goge su da soso tana mita, a zatonta sandarsa ce ke karce wurin. Ba ta taɓa bin su ta ga inda suka ƙare ba.

Ƙofar ɗakin wanki a sakaye take. Ta tura da yatsu. A can kusurwa akwai ɗan kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake ciki, inda suke ajiye tawul. An buɗe shi. Athol yana zaune a kan kujerar kicin, ya tura ta har cikin kabad ɗin iya shigarta, ya jingina kumatunsa da jikin tankin, hannunsa mai lafiya ya zagaye shi. Idonsa a rufe.

"Baba." Ta durƙusa ta kama fuskarsa. "Baba, ni ce."

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta, da ya gane ta kuma ba murna ta gani a fuskarsa ba, kunya ta gani, irin ta yaron da aka kama. Ya yunƙura zai tashi, jikinsa ya ƙi.

"Ba ta yi ƙara ba," ya ce. Maganar na fita a jaye, ta fi kullum nauyi.

"Mece ce ba ta yi ƙara ba?"

"Hitar. In ta tashi... na san kin kusa. Sai in mai da kujera."

"Kullum haka kake yi?"

"A'a. Ranakun aikinki kawai."

"Haba Baba. Me ya hana ka faɗa min? Ina kwana gida ɗaya da kai, ina zuba maka shayi, ka kasa buɗe baki ka ce Noelene gidan nan yana sanyi?"

Ya kawar da kai. "Na ɗauka ke kike kashewa."

"Ni?"

"In za ki fita. Daidai ne ai. Gida guda... don tsoho ɗaya." Ya tsaya ya nemo numfashi, ƙirjinsa yana kurrr. "Na ga kin yi murna. Da takardar kuɗin wuta. Kin daɗe ba ki yi murna ba."

Ta ɗora tafin hannu a jikin tankin, ta ji ɗumin da ke ciki bai fi na kofin shayin da aka manta ba. Ita ce ta yi dogon wanka da safe ta ƙarar da ruwan. Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu, don ba lokacinsu ba ne.

A nan ta lura da sauran. Hularsa tana ƙasa. Maɓallan rigar aikinsa a ɓalle suke har ciki, takalmi ɗaya ya fita daga ƙafarsa. Kuma ba ya rawar sanyi. Ita da ta shigo yanzu haƙoranta na haɗuwa, shi kuwa jikinsa shiru.

"Wa ya ɓalle maka riga?"

"Zafi nake ji," ya ce, har da ɗan murmushi na ɓari ɗaya. "Yau da sauƙi."

Duk wanda ya tashi a gindin duwatsun nan ya san wannan: in sanyi ya kusa kashe mutum, zafi yake ji har ya fara tuɓe kaya. In an fita neman mutumin da ya ɓata a dajin sama, aka fara tsintar rigunansa a hanya, masu neman sukan daina kiran sunansa. Tsoro na gaske ya kama Noelene, irin wanda ke sa hannu ya daina rawa.

Ta ruga falo ta danna na'urar bangon da babban yatsa. Fuskar ta haskaka, ta nemi lambar sirri cikin ladabi. Ta kai mata mari, na'urar ta sake neman lambar. Ta waiwaya inda murhu yake a da, babu komai sai farantin ƙarfen da aka rufe ramin da shi da tukunyar fure a gabansa. Itace kuwa ga shi can jibge a rumfa, wanda Baba ya faskara da hannunsa, ya isa sanyi biyu.

Ta kwaso barguna daga gado ta dawo. Ta ɓalla masa maɓallan yana ture hannunta, ta mayar masa da hula, ta naɗe shi har wuya.

"Za mu asibiti."

"Aikinki fa?"

"Ƙyale aikina."

"Za su cire miki... kuɗin yau."

"Su cire. Riƙe ni."

Ƙafafunsa ba su ɗauke shi ba. Ta zagaya bayan kujerar, ta kama ta, ta kwantar da ita a jikinta, ta ja shi a kai da baya-baya, ta kicin, ta falo, har bakin ƙofa. Rashin nauyinsa ya ƙara tayar mata da hankali, buhun fulawar da take ɗagawa a wurin aiki ya fi shi. Daga ƙofa ta rungume shi ta sauko da shi matakala, ta cusa shi a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel a kan bargunan. Ba ta tsaya rufe gidan ba.

Ta tayar da mota, ta murɗa hitar motar har ƙarshe, ta juya duk ƙofofin iskar suka fuskance shi. Injin bai huce ba, nan da nan ɗumi ya fara hurowa. Ta hau titi tana duban gidajen gefen hanya, tana neman na farko da hayaƙi ke fita a rufinsa, inda za ta sami waya ta kira motar asibiti ta tare su.

"Yi min magana, Baba. Kada ka yi barci. Faɗa min sunan dokin nan naka mai cizo."

Ta saci kallonsa. Idonsa a buɗe yake, amma ba hanya yake kallo ba. Ya zaro hannunsa na hagu daga cikin bargo, yana miƙa shi sannu a hankali, yatsun na lalube a jikin allon motar, har suka sami maɓallin hitar.

"Rage, 'yata," ya ce. "Mai ya yi tsada."

Ta ɗora hannunta a kan nasa ta danne shi a wurin, ta ci gaba da tuƙi da hannu ɗaya.